Koyon Kwamfuta Daga SS1 Zuwa SS3 a Kano: Aikin Hannu da Aikin Takarda

Da safe ina koyar da kwamfuta a wata sakandare da ke cikin birni, bayan La'asar kuma ina zama a ɗan shagona inda muke buga takardu, mu yi fotokwafi, mu koya wa yara yadda ake zana JAMB. Ɗalibai iri biyu nake gani a wuraren nan. Akwai wanda zai jero maka tarihin kwamfuta tun daga kan abakus ba gargada, amma ka ce ya adana fayil da sunansa, sai ya yi tsuru-tsuru a gaban kibod. Akwai kuma wanda babu lungun da bai sani ba a wayarsa, ya iya yanka bidiyo ya ɗora a TikTok, amma ka ba shi 46 ka ce ya mayar da ita binari, sai ya kama sosa ƙeya. Jarrabawa kayar da su take yi su duka biyun, kowa ta inda ya yi sake. Darasin nan rabinsa a yatsu yake, rabinsa a takarda, kuma yawancin makarantunmu rabin takardar kawai suke iya ba ka. Na yatsun kai ne za ka nemo wa kanka.

Ka fara sanin wane darasi aka rubuta maka

Je ka wajen malamin da ke kula da jarrabawa a makarantarku, ka gaishe shi, ka tambaye shi wane darasi za a sa maka a WAEC da NECO. Yara suna cewa "kwamfuta" kawai, alhali darussa biyu ne aka daɗe ana yi, Computer Studies da Data Processing. Sun haɗu a wurare da dama, amma kowane da inda ya dosa. Computer Studies ya fi shiga cikin yadda na'urar kanta take aiki, wato lissafin binari, ƙofofin lojik da rubuta shiri da yaren kwamfuta na BASIC, kuma a WAEC yana da takarda ta uku ta firaktikal. Data Processing yana cikin darussan sana'a, ya fi karkata ga sarrafa bayanai, rumbun bayanai da manhajojin ofis. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da sabon tsarin karatu wanda ya shigo da Digital Technologies babbar sakandare, saboda haka abin da yayanka ya zana ba lallai ba ne shi za ka zana.

Da ka san sunan darasin, nemi silabas ɗinsa na WAEC, a buga maka a takarda, ka liƙa a cikin bangon littafinka. Duk batun da malam ya koyar, ka ja masa layi da biro. Abin da ya rage ba layi a ƙarshen kowane zango, shi ne aikin hutunka. Ni malami ne, na san ba ma gama silabas: ga wasannin makaranta, ga hutun Sallah, ga ranar da babu wuta. Masu tsara tambayoyi kuwa ba ruwansu da inda malaminku ya tsaya.

Inda za ka sami abin taɓawa

Idan makarantarku tana da ɗakin kwamfuta, ko da guda shida ne masu aiki a cikin ashirin, ka zama yaron ɗakin. Kai ne mai share ƙura, mai yaye ledar da aka rufe su da ita, mai taya malam jona wayoyi. Wanda yake riƙe wa malam mabuɗi ya fi kowa daɗewa a kan kujera, kuma a jone-jonen nan zai gane ramin VGA da na HDMI da na USB, abin da 'yan ajinsu suke haddacewa daga zane.

In babu, ku haɗu ku uku ku riƙa sayen awa ɗaya a kafe ko shagon buga takardu na unguwarku, ranar Asabar da hantsi lokacin da babu cunkoso. Ku shiga da aikin da za ku yi a rubuce a takarda. Wanda ya shiga kafe ba da takarda ba, Facebook ne zai cinye masa awarsa.

Hanya mafi araha da na sani ita ce wayar Android da ke gidanku. Ka shiga Farm Centre ko Beirut Road ka sayi kibod na USB da ɗan abin jonawa da ake kira OTG. Ka tafi da wayar a gwada a gabanka kafin ka biya, don ba kowace waya ce take karɓa ba. Ka sauke WPS Office ko Google Sheets, ka jingina wayar da littafi, ka jona kibod. Ba za ta maye gurbin kwamfuta ba, domin wuraren da maɓallai suke a sikirin sun bambanta, amma yatsunka za su koyi kibod na gaske, kuma fomular da ka rubuta a nan ita ce dai za ka rubuta a Excel.

Wanda Allah ya hore wa iyayensa za su saya masa laftof ta hannu, to kada ƙyalli ya ja shi. A duba RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, kada ya gaza 4GB, in an sami 8GB ya fi. A nemi mai SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. A cire caja a bar ta a kunne a ga yadda batirin yake sauka, domin a garin nan batiri ya fi kyan jiki amfani. A buɗe Notepad a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Kuma a tafi da wanda ya san kan abin.

Yatsu tukuna

Shafa harafin F da na J a kibod, za ka ji ɗan tudu a kan kowanne. An sa su ne don manuniyarka ta hagu da ta dama su sami mazauninsu ba tare da ka duba ba. Yatsun hagu su zauna a kan A, S, D, F, na dama a kan J, K, L da alamar da ke biye da L, manyan yatsu kuma a kan dogon maɓallin tazara. Daga nan kowane yatsa yake tashi ya taɓo harafinsa ya dawo gida. Kwata ɗaya na awa kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Makon farko za ka ji kamar da yatsa biyu ka fi sauri, kuma gaskiya ne, ka fi. Ka daure, kada ka koma. Idan idonka ya ƙi barin kibod, yafa hankici a kan hannuwanka.

Ctrl da S ya zame maka jiki, kana rubuta sakin layi ɗaya ka danna. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana shafi na uku ba ya buƙatar a yi masa bayani. Sai Ctrl da C na kwafa, Ctrl da V na liƙawa, Ctrl da X na yankewa, Ctrl da Z na janye kuskure, Ctrl da P na bugawa. Suna fitowa a tambayoyin zaɓi, kuma wanda hannunsa ya saba ba ya haddace su.

Ga wani abu da babu shi a silabas amma zai sa a riƙa nemanka. A Word, rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, sai ƙ ta fito. 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ. Manyansu kuwa 0198, 018A da 0181. Idan harafin da ya gabata a, b, c, d, e ko f ne, kamar a cikin "baƙi", sa U+ kafin lambar, in ba haka ba Word zai haɗa harafin da lambar ya rikice. Masu buga takardu da yawa a garin nan ba su san wannan ba, shi ya sa kake ganin katin biki an rubuta "daurin aure".

Ka nemi aikin gaske, ka gama shi

Nan ne na fi so ka tsaya. Yaro ba ya koyon Word da buɗe shi yana latse-latse. Yana koyo ne ranar da aka ba shi aikin da wani yake jira. Buga wa yayarka takardar neman aiki. Tsara jadawalin karatun Islamiyyarku a tebur mai layuka da ginshiƙai. Yi sanarwar taron ƙungiyar unguwa, ka sa kan magana a tsakiya da manyan haruffa, ka daidaita gefe da gefe, ka sa lambar shafi, ka buga a firinta ka ga yadda ta fito. Abin da firaktikal ke tambaya ke nan, sai dai su da Turanci za su ba ka.

Excel kuwa, Kano gari ne na lissafi, ba za ka rasa littafin da za ka juye ba. Ɗauki littafin shagon tireda na gidanku ko na maƙwabci. A ginshiƙin A rubuta kaya: taliya, sukari, sabulu, man gyaɗa. A B rubuta adadin da aka sayar, a C farashin guda ɗaya. A ɗakin D2, wato inda ginshiƙin D ya haɗu da layi na 2, rubuta =B2*C2 ka danna Enter. Kada ka sake rubuta fomular a layi na gaba. Koma kan D2, a kusurwarsa ta ƙasa ta dama akwai ɗan ɗigo, kama shi da maus ka ja ƙasa, za ka ga D3 ta zama =B3*C3 da kanta. A can ƙasa rubuta =SUM(D2:D10), cinikin yini ya fito. Yanzu canza farashin sukari ka ga jimla ta canza ba ka taɓa ta ba. A wannan lokacin ne nake ganin fuskar yara ta sauya, kuma daga ranar ba na sake yi musu bayanin amfanin Excel.

Sai ka ƙara mataki. A ce babanka a Kantin Kwari yake, yadi iri ɗaya yake sayarwa, farashi ɗaya, masu saye daban-daban. Sa farashin yadi ɗaya a F1, yawan yadin da kowa ya saya a ginshiƙin B. Idan ka rubuta =B2*F1 ka ja ƙasa, layi na gaba zai koma F2, inda babu komai, sai ka ga sifili. Maganinsa alamar dala: =B2*$F$1. Ita ce take ɗaure F1 ya tsaya wuri ɗaya. Wannan bambanci na adireshi mai tafiya da adireshi ɗaurarre yana cikin abin da ake tambaya, kuma wanda sifilin nan ya taɓa ba shi haushi ba ya mantawa.

Na uku, sakamakon ajinku. Sunaye a A, maki a B, a C kuma =IF(B2>=50,"Kiredit","Saura"), tunda a ma'aunin da makarantu suka saba da shi C6 daga 50 take farawa. Gwada AVERAGE, MAX da MIN a kan makin, ka jera su daga babba zuwa ƙarami, ka fitar da zanen sanduna. Idan ɗaki ya cika da alamar ####, ba ɓaci ya yi ba, ginshiƙin ne ya yi masa kaɗan, faɗaɗa shi. Idan ka ga #DIV/0!, ka raba da sifili ko da ɗakin da babu komai. Kowace fomula da alamar = take farawa; yara nawa ne suka rasa maki a kan wannan kaɗai.

Rumbun bayanai shi ne inda 'yan Data Processing suke kuka, don ana koyar da shi a allo da kalmomi masu nauyi. Ɗauki rajistar ajinku ka duba: Abubakar Sani nawa ne a ciki? A wasu azuzuwan za ka sami biyu, har uku. To idan kwamfuta za ta nemo makin ɗaya daga cikinsu, da me za ta bambance shi? Da lambar shiga makaranta, wadda ba mai irin ta wani. Wannan lambar ita ce babban mabuɗin tebur, abin da littafinku ya kira primary key. Kowane ɗalibi layi ɗaya ne, wato rekod. Suna, aji, ranar haihuwa kuma kowanne fili ne. Yi tebur na ɗalibai, yi wani na makin jarrabawa, ka haɗa su da lambar nan a manhajar Access, sannan ka tambayi rumbun ya kawo maka 'yan SS2 da suka haura 60 a Lissafi. In ka yi wannan sau ɗaya da hannunka, babin da ke hana ku barci ya zama labari.

CorelDRAW da PowerPoint ba sa buƙatar dogon bayani. Zana katin walimar saukar ƙaninka, shirya shafi biyar a kan wani darasi ka gabatar wa 'yan ajinku. Sai dai kada zane ya cinye maka lokaci, don yana da daɗi kuma makinsa kaɗan ne.

Abin da ba ya buƙatar wuta

Daren da babu wuta kuma waya ta mutu, akwai rabin silabas da fitila da biro suka ishe shi.

Mayar da 46 binari: raba da 2 kana rubuta saura. 46 ya ba da 23 saura 0. 23 ya ba da 11 saura 1. 11 ya ba da 5 saura 1. 5 ya ba da 2 saura 1. 2 ya ba da 1 saura 0. 1 ya ba da 0 saura 1. Karanta saura daga ƙasa zuwa sama: 101110. Wanda ya karanta daga sama zai sami 011101, wato 29, ya yi aiki daidai ya faɗi a ƙofar gida. Don haka kullum ka gwada amsarka: jera 32, 16, 8, 4, 2, 1 a saman lambobin, ka tara waɗanda suke kan 1. 32 da 8 da 4 da 2 sun ba da 46. Daga binari zuwa tushe 8, yanka uku-uku daga dama: 101 da 110, wato 56. Zuwa tushe 16, yanka huɗu-huɗu daga dama kana cike gurbi da sifili: 0010 da 1110, wato 2E, domin a tushe 16 ana rubuta 10 zuwa 15 da A zuwa F. Yi guda biyar kullum na tsawon wata ɗaya. Wannan maki ne na kyauta, kuma yana sake fitowa a takardar Lissafi.

Ƙofofin lojik, ka tuna shagon kasuwa mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun maigida, ɗaya a hannun yaronsa: ba ya buɗuwa sai su biyun sun zo. AND ke nan, ba ta ba da 1 sai duk abin da ya shiga 1 ne. OR kuwa ko ɗaya ya zo ya isa. NOT juyawa take yi, 1 ya koma 0. NAND da NOR su ne AND da OR da aka juya amsarsu. Ka iya zana alamar kowace da teburinta ba tare da duba littafi ba.

BASIC tsohon yare ne, ba wanda zai ɗauke ka aiki saboda shi, amma kada ka raina shi, tunanin da ke cikinsa shi ne a cikin kowane yare. Dubi wannan:

10 LET S = 0
20 FOR I = 1 TO 5
30 LET S = S + I
40 NEXT I
50 PRINT S
60 END

Kada ka yi hasashen amsa. Ja tebur mai gida biyu, I da S, ka zama kai ne kwamfutar. I na 1, S ta zama 1. I na 2, S ta zama 3. Sai 6, sai 10, sai 15. Abin da za a buga 15 ne. Sannan ka zana taswirar matakansa: mai siffar ƙwai ta farawa da gamawa, murabba'i mai tsawo na aiki, mai siffar daimon na yanke hukunci, karkataccen murabba'i na shigarwa da fitarwa. Wanda abin ya yi wa daɗi ya sauke Pydroid 3 a waya ya sake rubuta shirin da Python, layi huɗu ya ishe shi.

Tarihi da ma'aunai haddar su ake yi, ba wata dabara: Pascal da na'urar lissafinsa a 1642, Babbage da Ada Lovelace, katin Hollerith mai huji da aka yi ƙidayar Amurka ta 1890 da shi, ENIAC, sai zubi-zubin kwamfuta daga kwalaben lantarki zuwa taransisto, zuwa haɗaɗɗiyar da'ira, zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa irin Intel 4004 ta 1971. Bit 4 nibul ɗaya, bit 8 bayit ɗaya, bayit 1024 kilobayit ɗaya. Nau'o'in haɗin kwamfutoci: LAN, MAN da WAN. Rubuta su a ƙananan katuna ka riƙa dubawa a cikin adaidaita sahu.

Turancin tambaya

Da yawa daga cikin yarana sun san amsa, tambayar ce ba su gane ba. Ka fahimci abu da Hausa, wannan ba laifi ba ne, ni ma da ita nake bayani idan aji ya yi shiru. Amma ka rufe littafi ka rubuta shi da Turancinka, ko da gurgu ne. Kuma ka kula da kalmar farko ta tambaya. Idan an ce list ko state, jero kawai, kada ka ɓata lokaci. Explain na son jimla biyu ko uku da misali. Differentiate na son ka kawo ɓangarorin biyu a kan abu ɗaya: RAM na mantawa idan wuta ta ɗauke, ROM ba ya mantawa. Wanda ya yi bayanin RAM kaɗai ya tafi, rabin amsa ya bayar. In an ce kawo uku, kawo uku.

ChatGPT da 'yan'uwansa suna da amfani idan ka ce su sake maka bayanin abin da ba ka gane ba, ko su ba ka tambayoyin gwaji. Suna kuskure, har a lissafi, don haka ka gwada amsarsu da littafi. Wanda yake ba su aikin gida su yi masa, ranar jarrabawa shi kaɗai zai shiga. Masu tallar "expo" a WhatsApp kuwa kuɗinka suke so, kuma WAEC tana riƙe sakamakon waɗanda ta zarga da satar amsa.

Yadda za ka raba shekarun

SS1 ta yatsu ce da Word. SS2 ita ce shekarar aiki: Excel, binari, lojik, BASIC, rumbun bayanai. 'Yan makarantun gwamnati kuma kun san a SS2 ake jarrabawar kwalifayin, wadda da ita gwamnatin jiha take zaɓar waɗanda za ta biya wa NECO, to kada son kwamfuta ya sa ka saki Turanci da Lissafi. SS3 gajeriya ce ƙwarai, kafin ka farga an fara rajista. Ba shekarar koyon sabon abu ba ce, ta tambayoyin baya ce: ɗauki na shekara ɗaya, sa agogo, amsa, sannan ka duba. Bayan ka yi na shekaru biyar za ka ga batutuwan da ba sa fashi.

Ranar firaktikal, karanta umarni har ƙarshe kafin ka taɓa maus. Sunan da aka ce ka sa wa fayil shi za ka sa, harafi da harafi, a inda aka ce ka ajiye. Adana aiki tun a minti na farko. Idan kwamfutarka ta tsaya, ɗaga hannu, kada ka kashe ta da kanka.

JAMB tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, WAEC ma ta fara da masu zana ta a waje a 2024. Ta JAMB tambaya 180 ce a awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Ko ba ka iya maus ba, A, B, C da D na zaɓar amsa, N na kai ka gaba, P na mayar da kai baya. S ta miƙa jarrabawa ce, kada yatsanka ya je kusa da ita sai ka gama. Idan da hali ka yi rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB, domin zama a ɗaki mai ɗaruruwan mutane agogo na sauka a sikirin daban yake da gwaji a shagona.

Mai son ya karanci kwamfuta a jami'a

Wannan ita ce maganar da na fi maimaitawa kuma aka fi ƙin ji. A1 a Data Processing ba ta kai ka sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero ko na Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil idan babu kiredit a Lissafi da Fiziks. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi da Fiziks, a JAMB ma Lissafi da Fiziks suna cikin haɗin. JAMB ta shigo da Computer Studies cikin darussanta a 2022, amma ka duba kundinta na shekarar da za ka zana ka ga ko makarantar da ka zaɓa tana karɓarsa a kwas ɗin da kake so, kada ka dogara da abin da mai kafe ya gaya maka. Yaron da yake son kwamfuta yana gudun ajin Lissafi, kansa yake yi wa. In makarantarku tana koyar da Further Maths, shiga.

Ɗan ajin Art ko Commercial kada ya ce ba ruwansa. Akawu, ɗan jarida, lauya, mai shago a Singa, duk Excel da Word ɗin nan ne a gabansu.

Ke kuma ɗalibata, na san zuwa kafe ba ya yi miki sauƙi kamar yadda yake yi wa ɗan'uwanki. Kibod da OTG a tsakar gida sun fi yi miki amfani fiye da kowa, kuma littafin adashin Umma ya isa ki koyi Excel da shi har ki fi 'yan ajinku. Ku haɗu ku uku ku roƙi malama ta buɗe muku ɗakin kwamfuta lokacin tara. Iyaye, Allah ya ƙara girma, a bar su su taɓa. A zauna kusa a ga abin da suke yi, ya fi a ƙwace wayar. A kuma riƙa sauraron sanarwar CITAD, cibiyar da ke nan Kano, don takan shirya horon fasahar zamani ga matasa da mata.

Tun kana SS2 ka yi NIN, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da rajistar WAEC da ta NECO. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya riga naka a wata takardar, ya isa ya sa ka yi ta zirga-zirga lokacin da 'yan'uwanka suke karɓar takardar shiga jami'a. Buɗe imel da sunanka na gaskiya, kai da kanka, ka rubuta kalmar sirrin a inda ba za ta ɓata ba, kada ka bar wa mai kafe ya buɗe maka ya riƙe. Lambar fara rajistar JAMB ana samunta ne ta tura NIN zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da ka tura da shi yana ɗaure da rajistarka. Ya zama layinka ne ko na gidanku, ba na aboki ba, kuma a riƙa sa masa kati kada a rufe shi kafin a gama ba da gurbin karatu.